A Bar Kaza Cikin Gashinta: Dokar Shiru a Barikokin Amurka da Yadda Ta Rushe

A watan Nuwamban 2002, shekara guda da 'yan makonni bayan harin 11 ga Satumba, labari ya fito cewa rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta sallami sojoji tara daga makarantar koyon harsuna ta soja da ke Monterey a jihar Kalifoniya. Shida daga cikinsu Larabci suke koyo. A daidai wannan lokaci hukumomin leƙen asirin ƙasar suna kukan cewa tulin takardu da maganganun waya da suka tattaro sun fi ƙarfin tafintocin da suke da su, ga yaƙi na ci a Afganistan, ga shi ana ɗaura ɗamarar shiga Iraƙi. Waɗannan tara ba a kama su da sata ba, ba su kuma gudu daga bakin aiki ba. Abin da ya bayyana shi ne masu neman jinsinsu ne, doka kuwa ta ce duk wanda hakan ya bayyana a kansa ya tuɓe kaki.

Na san da yawa daga masu karanta wannan rubutu, da zarar an ambaci luwaɗi da maɗigo magana ta ƙare a wurinsu. Hukuncin addini a kai ba ɓoyayye ba ne a Musulunci, haka ma a akasarin majami'un ƙasashenmu, kuma a Najeriya dokar rundunonin soja kanta ta sa luwaɗi cikin laifuffukan da ake gurfanar da soja a kansu. Amma mai son fahimtar abin da Amurkawa suka kwashe shekaru suna ja-in-ja a kai, sai ya fara da sanin cewa ba batun halas da haram aka kai gaban majalisarsu ba. Tambayar ta fi haka ƙunci. Ga mutum ya riga ya sa kaki, ya iya harbi, yana bin umarni. Idan abokan aikinsa suka san yadda yake, shin rundunar za ta lalace?

Korar irin waɗannan sojoji ta girmi tsarin mulkin Amurka. A watan Maris na 1778, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, George Washington da kansa ya amince da korar wani laftana mai suna Frederick Enslin daga sansanin Valley Forge bisa tuhumar yunƙurin luwaɗi. Amma a wancan zamani aiki ake hukuntawa. Sai a Yaƙin Duniya na Biyu likitocin ƙwaƙwalwa suka shigo da tantance kurata tun a bakin ƙofa, aka koma hukunta mutum kan yadda yake ko da bai aikata komai ba. Dalilin da ake bayarwa kuma yana ta sauya riga. Da fari aka ce ciwon ƙwaƙwalwa ne. A zamanin yaƙin cacar baka aka ce maƙiya za su iya yi wa irin wannan soja barazanar tona masa asiri har ya sayar da sirrin ƙasa. Wani kwamiti da rundunar ruwa ta kafa da kanta a 1957 ya duba ya ce bai ga hujjar da ke nuna sun fi kowa haɗari ta wannan fuska ba, sai aka jefa rahoton a durowa ya yi kusan shekara ashirin bai ga rana ba. A 1982 ma'aikatar tsaro ta rubuta a fili cewa neman jinsi da aikin soja ba sa haɗuwa. Tsakanin 1980 da 1990 an sallami mutum kusan 17,000.

Akwai waɗanda suka ƙi fita salin-alin. Saje Leonard Matlovich na sojin sama, wanda ya je Biyetnam sau uku ya dawo da lambobin yabo da rauni a jiki, shi ya miƙa wa kwamandansa takardar da ke bayyana cewa shi mai neman jinsinsa ne da hannunsa a 1975 don a kore shi ya samu hanyar zuwa kotu. Kanar Margarethe Cammermeyer, babbar ma'aikaciyar jinya, an tambaye ta ne lokacin binciken ba ta izinin ganin bayanan sirri, ta faɗi gaskiya, aka sallame ta a 1992, kotu ta mayar da ita a 1994.

Bill Clinton ya yi alkawari a yaƙin neman zaɓen 1992 cewa zai ɗage haramcin. Ya ɗauka sa hannu ɗaya ya isa, kamar yadda Harry Truman ya yi a 1948 da ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariyar launin fata a cikin soja. Yana shiga fadar White House ya ci karo da bango. Babban hafsan hafsoshi Janar Colin Powell bai yarda ba. Sanata Sam Nunn na jihar Jojiya, ɗan jam'iyyar Clinton ne kuma shugaban kwamitin harkokin soja a majalisar dattawa, ya kwashi 'yan jarida zuwa sansanin sojin ruwa na Norfolk, ya shiga da su cikin jirage, ya nuna musu gadaje hawa-hawa da 'yar tazarar da ke tsakaninsu da kuma wuraren wanka. Wannan hoto ya fi dogon jawabi tasiri. Clinton kuwa yana da tabon da bai warke ba a idon sojoji, domin bai je yaƙin Biyetnam ba. Ba shi da bakin da zai tsawata wa janar-janar.

Abin da aka ƙulla a ƙarshe shi ne tsarin da ya yi suna da "kada a tambaya, kada ka faɗa", lafazin da ake dangantawa ga Charles Moskos, wani masanin zamantakewar soja. Clinton ya sanar da shi a ranar 19 ga Yulin 1993, majalisa ta mayar da shi doka a ƙarshen shekarar, ya fara aiki a Fabrairun 1994. A baki dai sulhu ne: za a daina tambayar kurtu a wurin ɗaukar aiki, shi kuma ya ja bakinsa ya yi shiru. A bar kaza cikin gashinta.

Ciwon yana cikin rubutun dokar. Ta jero abubuwa uku da za su sa a sallami soja: ya aikata, ko ya yi yunƙurin auren jinsinsa, ko ya faɗa. Na ukun nan shi ne tarko. Furuci kaɗai ana ɗaukarsa a matsayin alamar cewa mutum zai aikata, kuma a kansa nauyi yake ya tabbatar ba haka ba ne. Dokar ba ta san hutu ba, ba ta san wajen bariki ba. Abin da soja ya gaya wa aboki, ko ya rubuta a wasiƙa, ko aka gani a kwamfutarsa, duk yana iya zama hujja. Har zuwa Maris na 2010, lokacin da sakataren tsaro Robert Gates ya gyara ƙa'idar, abin da soja ya faɗa wa likita ko malamin addinin bariki ma yana iya komawa kunnen kwamanda. Kafin 1993 haramcin umarni ne na ma'aikata wanda shugaban ƙasa zai iya sokewa da alƙalaminsa. Bayan 1993 ya zama doka, sai majalisa ko kotu. Clinton ya je ɗage dutse, ya dawo ya bar shi an zuba masa siminti.

Ɓangaren "kada a tambaya" kuwa bai taɓa samun haƙora ba. An kori dubbai saboda sun faɗa, amma da wuya ka ji kwamandan da ya rasa muƙaminsa saboda ya yi tonon silili. A 1998 sai da wani alƙalin tarayya ya taka wa rundunar ruwa burki bayan masu bincikenta sun kira kamfanin intanet na AOL sun karɓi sunan wani gogaggen sojan jirgin ƙarƙashin teku ba tare da izinin kotu ba, don kawai wani abu da aka gani a bayanansa na intanet. Dokar ta kuma zama makami a hannun mai ƙullin gaba: tsohon masoyi da aka rabu baram-baram, ko na ƙasa da ke jin haushin na sama. Mata suka fi shan wuya. Ba su wuce kashi 15 cikin ɗari na sojojin ba, amma a shekaru da dama su ne kusan sulusin waɗanda ake kora, wani lokaci fiye. Macen da ta ƙi amsa wa na gaba da ita tana iya wayar gari an laƙaba mata maɗigo, kuma kai ƙara na nufin jawo wa kanta bincike. Wanda ake tsangwama ma haka, ba shi da bakin kuka, domin kukan kansa furuci ne. A Yulin 1999 wani soja ya kashe abokin aikinsa Barry Winchell da sandar wasan ƙwallo yana barci a barikin Fort Campbell, bayan watanni ana yi masa gori, manya na ji ba su tsawatar ba.

A nan nake ganin dokar ta haƙa ramin da za ta faɗa ciki. Tsohon haramci, komai za a ce a kansa, maganarsa ɗaya ce: wannan mutum bai dace da aikin soja ba. Sabuwar dokar ta janye wannan iƙirari ba tare da ta lura ba. Ta yarda cewa mai neman jinsi zai iya zama soja nagari, ya hau muƙami, ya ja bataliya, muddin ba a sani ba. Ke nan aibin ba a jikinsa yake ba, yana cikin abin da ake tsammanin sauran za su yi idan sun sani. Da zarar hujja ta koma kan tsammani, to ta zama abin da za a iya aunawa, a gwada, a ga ko gaskiya ne.

Bai kamata a raina wannan tsammani ba. Masu kare dokar ba duka ne 'yan ƙiyayya ba. Powell, wanda baƙar fata ne kuma ya ɗanɗana wariya, ya ƙi yarda a kwatanta lamarin da na 1948. Ya ce launin fata ba ɗabi'a ba ce, sha'awa kuwa tana cikin mafi zurfin halayen ɗan Adam. Sun ce bariki ba ofis ba ne da ake tashi ƙarfe huɗu kowa ya tafi gidansa. Mutum ba ya zaɓar wanda zai kwana kusa da shi, kuma tunda ana raba maza da mata a makwanci saboda sha'awa, me za a ce wa saurayin da ya taso a gidan addini idan ya ce shi ma an keta masa sirri? Sun ce abin da ke riƙe soja a ramin daga ba tuta ba ce, amana ce tsakaninsa da mutum goma da ke gefensa, kuma duk abin da zai tsaga wannan amana ana biyansa da jini. A 2009 tsofaffin janar-janar da manyan hafsoshin ruwa fiye da dubu suka sa hannu a wasiƙa suna gargaɗin cewa soke dokar zai hana samari shiga soja, ya kuma kori na ciki.

Amsar da masu bincike suka bayar, tun daga rahoton cibiyar bincike ta RAND na 1993 da ma'aikatar tsaro ta biya aka yi sannan ta kau da kai, ta tsaya ne a kan rarrabe haɗin kai iri biyu. Akwai na shaƙuwa, wato mu so juna, mu yi hira, mu ci abinci tare. Akwai na aiki, wato kowa ya yarda na gefensa ya san abin da yake yi kuma ba zai gudu ya bar shi ba. Binciken ya nuna na biyun ne ke tafiya da nasarar runduna. Duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki ya san haka: ana haɗa mutanen da addini da yare da ƙabila suka raba, waɗanda a gari ko gaisawa ba lallai su yi ba, horo da tsoron saje su mayar da su abu guda.

Sai kuma shaidar maƙwabta. Holan ta buɗe ƙofa tun 1974. Kanada da Ostareliya suka bi a 1992, Isra'ila a 1993, ƙasar da ba wanda zai ce tana wasa da batun yaƙi. Afirka ta Kudu ta bi bayan tsarin mulkinta na 1996. Wadda ta fi jan hankalin Amurkawa ita ce Birtaniya, domin ita tilasta mata aka yi. A Satumban 1999 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci kan ƙarar wasu sojoji huɗu da aka kora, kuma a Janairun 2000 gwamnati ta ɗage haramcin, duk da cewa wani bincike na cikin gida a shekarun baya ya nuna mafi yawan sojojinta ba sa so. Aka zuba ido a ga guguwar ajiye aiki, ba ta zo ba. Bayan 'yan shekaru waɗannan sojoji na Birtaniya da Kanada suna kafaɗa da kafaɗa da Amurkawa a Helmand da Kandahar na Afganistan.

Yaƙin ne ma ya fi tona asirin dokar. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A 2001 an sallami fiye da mutum 1,200, adadi mafi yawa a tarihinta. Da wuta ta kama a Afganistan da Iraƙi sai adadin ya yi ta sauka, har ya koma ƙasa da 500 a 2009. Idan da gaske waɗannan mutane barazana ne ga haɗin kan runduna, ai a lokacin yaƙi ya fi kamata a gaggauta fitar da su. Kwamandoji suka yi akasin haka: da buƙata ta zo, suka kau da kai. A shekarun ne kuma rundunar ƙasa, saboda ƙarancin kurata, ta riƙa sassauta sharuɗɗa tana ɗaukar har masu tarihin aikata laifi. Ofishin binciken kuɗi na majalisa ya ƙiyasta a 2005 cewa a shekaru goman farko an kori mutum kusan 9,500, fiye da 300 daga ciki masu jin harsunan da ake matuƙar nema irin su Larabci da Farisanci da Koriyanci, kuma maye gurbinsu ya ci aƙalla dala miliyan 190.

Jama'ar gari ma sun sauya. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta ABC da Washington Post ta nuna kashi 44 cikin ɗari ne ke goyon bayan a bar su su yi aiki a fili a 1993. A Disamban 2010 ya kai 77.

Amma abin da ya karya ƙashin bayan dokar daga cikin kaki ya fito. A ranar 2 ga Fabrairun 2010, babban hafsan hafsoshi Admiral Mike Mullen ya zauna gaban kwamitin da Nunn ya taɓa shugabanta, ya ce a ra'ayinsa na ƙashin kansa soke dokar shi ne daidai. Bai kafa hujja da 'yancin kowa ba. Ya ce abin da ke damunsa shi ne ana tilasta wa samari da 'yan mata su yi ƙarya game da kansu kafin a bar su su kare ƙasarsu, kuma wannan ya taɓa mutuncinsu da na rundunar baki ɗaya. Ina ganin nan ne gaɓar maganar. Makarantar hafsoshi ta West Point tana iya korar ɗalibi idan ya yi ƙarya ko ya rufa wa maƙaryaci asiri, sannan ga doka tana cewa wasu daga cikin ɗaliban su yi ta ƙirƙiro budurwar da babu ita har su yi ritaya. Rundunar da ke tsaye a kan amana ba za ta daɗe tana koya wa 'ya'yanta rufa-rufa ba tare da abin ya ci ta ba. Washegari Powell ma ya ce zamani ya sauya, yana goyon baya.

Aka kafa kwamiti ƙarƙashin Jeh Johnson, babban lauyan ma'aikatar tsaro, da Janar Carter Ham, wanda daga baya ya shugabanci rundunar Amurka mai kula da Afirka. Suka aika wa sojoji 400,000 tambayoyi, fiye da 115,000 suka amsa. Kashi 70 cikin ɗari suka ce soke dokar zai amfana, ko ya zo da amfani da illa gauraye, ko ba zai canza komai ba. Akwai adawa mai ƙarfi a inda aka zata: kusan kashi 60 na dakarun Marin (sojojin da ke kai farmaki daga teku zuwa tudu) da ke fagen daga sun ce zai yi illa, kuma kwamandansu Janar James Amos ya fito fili ya ce kada a yi ana tsakiyar yaƙi. Sai dai wani adadi ya fi duka nauyi. Kusan kashi 69 sun ce sun taɓa aiki da wanda suke kyautata zaton mai neman jinsi ne, kuma kashi 92 na waɗannan sun ce aikin rukuninsu bai samu matsala ba. Wato tsoron ya fi yawa ga abin da ake hasashe fiye da abin da aka riga aka gani da ido. Sirrin da doka ke karewa ya daɗe da zama sananne a ɗakin kwana.

Kotu ma ta matso. A Satumban 2010 mai shari'a Virginia Phillips ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, a ƙarar da wata ƙungiya ta 'yan jam'iyyar Republican masu neman jinsi ta shigar. Gates ya ja kunnen majalisa cewa gara ta soke da kanta a tsanake da a wayi gari alƙali ya rushe ta dare ɗaya. Majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 250 da 175, ta dattawa da 65 da 31, Sanata John McCain na kan gaba wajen adawa har ƙarshe. Barack Obama ya sa hannu a ranar 22 ga Disamban 2010. Aka ɗauki watanni ana bi runduna-runduna ana horar da sojoji, kuma abin lura shi ne ba a nemi kowa ya sauya aƙidarsa ba. An ce musu imani naka ne, ɗabi'a a bakin aiki ta runduna ce, kuma ba za a tilasta wa malamin addinin bariki ya yi abin da ya saɓa wa addininsa ba. Dokar ta mutu a ranar 20 ga Satumban 2011, bayan ta cinye aikin mutum fiye da 13,000.

Guguwar da aka yi gargaɗi ba ta taso ba. Ɗaukar kurata bai faɗi ba saboda wannan, kuma Amos da kansa, bayan ya zagaya dakarunsa, ya ce sauyin ya wuce lami lafiya. A 2012 Tammy Smith ta zama birgediya janar, matarta ce ta maƙala mata tauraro a bainar jama'a. Wannan bai nuna kowane soja ya yi na'am a zuciyarsa ba, ko tsangwama ta ƙare. Ya nuna dai hasashen da aka gina dokar a kai bai tabbata ba. Batun masu sauya jinsi kuwa hanyarsa daban, domin ba dokar majalisa ce ke riƙe da shi ba: an buɗe a 2016, aka rufe a 2019, aka sake buɗewa a 2021, aka kuma rufewa a 2025, kowane shugaba da alƙalaminsa.

Waɗanda aka riga aka kora su ne suka rage da takarda a hannu. A Amurka takardar sallama tana bin tsohon soja duk inda ya je neman aiki, kuma irin sallamar da aka rubuta a kai ita ke yanke ko zai samu asibiti da tallafin karatu da rancen gida. Da yawa an rubuta musu dalilin korar ɓaro-ɓaro, wasu an rage musu kuɗin sallama zuwa rabi, wasu an bi su bashin kuɗin makarantar da soja ta biya musu. Birtaniya ta riga ta fara biyan wannan bashi: a Yulin 2023 firaminista Rishi Sunak ya nemi gafara a majalisa, a ƙarshen 2024 kuma aka ware fam miliyan 75 na diyya. A Amurka, Joe Biden ya yi afuwa a Yunin 2024 ga waɗanda kotun soja ta samu da laifi ƙarƙashin tsohon sashe na 125 na dokar soja, mai hukunta luwaɗi, kan abin da suka yi da yardar juna. A Oktoban shekarar ma'aikatar tsaro ta ce ta gyara takardun mutum fiye da 800 zuwa sallamar girmamawa. Wannan bita ta tsaya ne a kan shekarun 1994 zuwa 2011. Dubban da aka kora kafin nan, waɗanda yawancinsu yanzu tsofaffi ne, kowa sai ya cike takarda da kansa ya jira a duba.